Na kasa gane abin da ya fi muhimmanci a rayuwata

Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne mai shekara 36, ina da mata da ƙananan yara, kuma na daɗe ina aikin akanta a wani kamfani. Kwanakin baya shugabanninmu suka yi mini tayin ƙarin girma zuwa reshen kamfanin da ke wani gari mai nisa, inda albashina zai ƙaru sosai. Sai dai idan na karɓa, ba zan riƙa ganin iyalina ba sai a ƙarshen mako, kuma zan bar horar da sababbin ma'aikata da nake yi yanzu. Wannan horarwa ba ta cikin aikin da aka ɗauke ni dominsa, ni na ɗora wa kaina ita, kuma babu abin da ke faranta mini rai a ofis kamar in ga yaron da ya zo bai san komai ba ya fara rufe lissafin wata shi kaɗai. Yayana ya ce wauta ce mutum ya ƙi ci gaba. Matata ta ce in yi abin da hankalina ya kwanta da shi. Wani abokina ya ba ni shawarar in fara gano abubuwan da na fi darajantawa a rayuwa, sai na shiga intanet na samo dogon jerin kalmomi irin su gaskiya, iyali, nasara, 'yanci, taimako da kwanciyar hankali, amma da na karanta sai na ga babu wanda ba na so. Har na fara zargin ko ni mutum ne marar alkibla. Ta yaya mutum yake gane abin da ya fi muhimmanci a gare shi? Wata guda suka ba ni in ba da amsa.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Ka fara da cire zargin rashin alkibla daga ranka, domin abin da ya same ka da wancan jerin kalmomi shi ne yake samun kusan duk wanda ya zauna ya karanta irinsa. Babu mai hankalin da za a tambaye shi ko yana son gaskiya ya ce ba ya so, kuma babu wanda zai ce iyali ko kwanciyar hankali ba su dame shi ba. Jerin ya tambaye ka abin da kake ganin yana da kyau, ka kuma amsa masa daidai cewa dukkansu suna da kyau. Halin da kake ciki kuwa wata tambaya daban yake yi maka, wato idan kyawawan abubuwa biyu suka zo maka a lokaci guda, kuma babu yadda za ka yi ka riƙe su duka, wanne za ka saki. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wadda mutum ya ajiye ita ce take nuna darajar wadda ya ɗauka.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. A 1973 wani masani a Amurka, Milton Rokeach, ya fitar da ma'aunin da ya ƙunshi jeri biyu, kowanne da abubuwa 18. Jeri na farko na abubuwan da mutum yake fatan ya cim ma ne a rayuwa, kamar tsaron iyali, 'yanci, hikima da mutunta kai, na biyu kuma na halayen da ake bi a kai ga waɗancan, kamar faɗin gaskiya, ƙwazo, yafiya da biyayya. Bai ce wa mutane su zaɓi waɗanda suke so ba, sai ya ce su jera su daga na 1 har zuwa na 18, ta yadda dole ne wani ya hau kan wani. A 1992 kuma Shalom Schwartz ya wallafa binciken da aka tattara daga ƙasashe 20, inda ya kasa abubuwan da mutane suke darajantawa gida goma, ya nuna cewa wasu suna tafiya tare cikin sauƙi, wasu kuwa ja-in-ja suke yi da juna. Neman ɗaukaka da iko yana gefe guda, kula da na kusa da damuwa da sauran jama'a suna ɗaya gefen. Haka nan son cin gashin kai da neman sabon abu suna kishiyantar son tsaro da bin abin da aka saba. Idan ka duba tayin da aka yi maka, za ka ga ya faɗo daidai a tsakiyar wannan ja-in-ja, saboda haka duk wanda yake son ɓangarorin biyu da gaske sai ya ruɗe kamar yadda ka ruɗe.

Ra'ayina shi ne ka riga ka amsa tambayarka sau da yawa a baya, ba tare da ka lura ba. Mutumin da ya kai shekarunka ya sha yanke shawarwarin da suka ci masa wani abu, kuma abin da ya yarda ya yi asararsa domin ya tsare wani shi ne shaida mafi ƙarfi a kan abin da ya fi daraja a wurinsa. Ka ware lokaci, ka ɗauki takarda da alƙalami, ka rubuta lokutan da ka ƙi wani abu alhali kana sonsa, ko ka ɗauki wata wahala da babu wanda ya tilasta maka. Wataƙila akwai ranar da aka nemi ka gyara wani adadi a littafin lissafi ka ƙi, kana sane da cewa hakan zai ɓata tsakaninka da wani babba. Wataƙila ka taɓa barin wata dama saboda wani naka ba shi da lafiya, ko kuma akasin haka, ka taɓa fita daga gida ana bukatarka domin kada wani aiki ya kuɓuce maka. Kada ka rubuta waɗanda kake alfahari da su kaɗai. Waɗanda kake jin kunyarsu ma shaida ne, kuma sau da yawa sun fi faɗin gaskiya, tunda ba don a yaba maka ka yi su ba. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta abin da ka saki da abin da ka riƙe. Idan labaran suka taru, za ka ga abubuwa biyu ko uku suna ta maimaituwa a ɓangaren abin da ka riƙe, kuma mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu ba zai yi maka daɗin gani ba.

Akwai wasu shaidu biyu da mutane ba sa son saurara, wato fushi da ƙyashi. Ka tuna abin da ya fi ɓata maka rai a wurin aiki, ba irin ɓacin ran da yake wucewa kafin a tashi ba, irin wanda ake kwana da shi. Wani abin da yake hana shi barci shi ne an danne haƙƙin ƙaramin ma'aikaci a gabansa, wani kuwa an ba wanda bai kai shi ƙwarewa ba matsayin da yake ganin nasa ne, wani kuma an tsaya a kansa ana gaya masa yadda zai yi aikin da ya sani. Na farko adalci aka taɓa masa, na biyu matsayi, na uku kuma 'yancin tafiyar da al'amarinsa. Ƙyashi ma haka yake. Idan ka haɗu da tsohon abokin karatunka zuciyarka ta ɗan sosu, ka tsaya ka tantance abin da ya sosa ta takamaimai: dukiyarsa ce, ko yadda ake miƙewa idan ya shigo, ko kuwa yadda yake komawa gida da wuri yaransa suna maƙale da shi? Ba ina nufin ka bi umarnin ƙyashi ba, domin hali ne da ya kamata a yaƙe shi, amma kafin ka kore shi ka ji abin da yake nuna maka.

Za ka ji ana cewa mutum ya duba inda lokacinsa da kuɗinsa suke tafiya. Akwai gaskiya a wannan, sai dai mafi yawan lokacin ma'aikaci da albashinsa larura ce take cinye su, saboda haka abin dubawa shi ne ɗan rarar da ya rage bayan larura. A nan ne wasiƙarka ta riga ta tona wani abu. Ka ambaci ƙarin albashi a cikin rabin jimla ka wuce, amma da ka zo kan horar da sababbin ma'aikata sai ka tsaya ka yi bayani, har ka kawo hoton yaron da ya fara rufe lissafin wata shi kaɗai. Aiki ne da ba a biyanka a kansa, ba a kuma umarce ka da shi ba, ka ɗauke shi daga cikin rarar lokacinka. Wannan shaida ce mai nauyi.

Duk da haka kada ka yi saurin cewa ka gano amsa, domin zuciya ta ƙware wajen ba wa tsoro ko son kai suna mai daɗin ji. Labarin Imam al-Ghazali yana da amfani a nan. A 1091 aka naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, matsayin da ba shi da na biyu a fagen ilimi a zamaninsa, ɗalibai kusan 300 suna zama a gabansa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa da ya binciki niyyarsa a kan koyarwa, sai ya tarar ba domin Allah tsantsa yake yi ba, son matsayi da yaɗuwar suna ne suke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, sannan a 1095 ya bar Bagadaza ya nufi Sham. A 1106 ya koma koyarwa a Naisabur, wato irin aikin da ya gudu ya bari, amma da niyya daban. Abin da nake so ka ɗauka daga wannan shi ne cewa kamannin aiki ba ya faɗin abin da yake tura mai yinsa. Koyarwa aikin alheri ce, amma ana iya sonta saboda ci gaban ɗalibi, ana kuma iya sonta saboda daɗin zama wanda kowa yake bukata a wurin da babu mai ƙure shi. Haka kalmar iyali tana iya zama so na gaskiya, tana kuma iya zama mafakar mutumin da yake tsoron kada ya kasa a sabon matsayi. Ta ɗaya ɓangaren, son ɗaukaka ba abin kunya ba ne, kuma idan kana ƙishirwar ka jagoranci mutane ka ga iyakar ƙarfinka, gara ka faɗa wa kanka gaskiya da ka danne ta yanzu ta dawo maka da haushi bayan shekaru.

Tambayoyi biyu za su taimaka maka ka raba waɗannan. Ka ɗauka an ba ka tabbacin cewa za ka yi nasara a sabon matsayin, babu ko shakka: shin har yanzu za ka yi jinkirin karɓa? Idan jinkirin ya gushe nan take, to tsoro ne yake riƙe da kai, kuma tsoro ba dalilin ƙin tafiya ba ne. Idan kuwa ya tsaya daram, to akwai abin da kake tsarewa da gaske. Sannan ka ɗauka za ka yi sabon aikin, amma babu wanda zai san an ƙara maka girma, ko dangi ko abokai: shin har yanzu kana sonsa? Idan sha'awar ta mutu, to idon mutane kake yi wa aiki.

Wannan ya kawo mu kan maganar yayanka. Yawancin abin da muke darajantawa gadonsa muka yi daga iyaye, malamai da addini, kuma babu aibi a haka, domin babu wanda ya ƙago nasa daga sama. Bambancin yana tsakanin gadon da ka bincika ka amince da shi, da wanda kake ɗauke da shi don kada a ce. Alamar na farko ita ce idan ka saɓa masa sai ka ji ka ci amanar kanka ko da babu wanda ya gani, na biyu kuwa ba ya damunka sai in an gane. Ka auna kalmar ci gaba da wannan ma'auni. Ka kuma koma wurin yayanka cikin ladabi ka tambaye shi abin da yake ji maka tsoro idan ka ƙi. Sau da yawa babban da yake cewa kada a bar dama ba girma yake hango wa ƙaninsa ba, wata wahala ce da ya gani a baya ba ya so ta maimaitu, kuma idan haka ne, maganarsa a kan tsaro take, wanda kai ma kana iya samunsa a cikin naka jerin.

Game da albashi, masanin nan Steven Hayes da abokan aikinsa, waɗanda suka gina wata hanyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tun daga shekarun 1980, suna bambanta buri da abin da mutum yake darajantawa. Buri ana cim masa a wuce, kamar samun matsayi ko mallakar gida, amma zama uba mai kula ko ma'aikaci mai amana ba a gama shi, kullum sai an sake yinsa. Ƙarin girma da ƙarin albashi buri ne, saboda haka ka tambayi kanka don me kake sonsu, amsar da ta fito ma ka sake tambayarta don me, har ka kai inda babu sauran amsa a bayanta. Idan ka ƙare a kan karatun yaranka da rufin asirin gidanka, to tafiya da zama duk abu ɗaya suke yi wa hidima, kuma saɓanin ya koma na hanya, wanda lissafi zai iya warware babban ɓangarensa. Wannan kuwa fagenka ne. Ka cire kuɗin masauki na biyu, da na zirga-zirgar kowane mako, da ƙarin haraji, ka ga abin da zai rage a zahiri, sannan ka ajiye shi kusa da kwana biyar na kowane mako da yaran za su yi ba sa ganinka. Idan kuwa ka ƙare a kan son gwada kanka, to wannan abu ne mai zaman kansa, dole ya shiga jeri ya nemi gurbinsa.

Amsar matarka ba ta ishe ka ba tukuna. Cewa ka yi abin da hankalinka ya kwanta da shi yana iya zama amincewa, yana iya zama kawaici, yana kuma iya zama gudun kada a ɗora mata laifi daga baya. Ita ce za ta ɗauki nauyin gida da yara ita kaɗai mafi yawan mako, saboda haka ka yi mata tambayoyi na takamaimai: me zai fi yi mata wuya, me ƙarin kuɗin zai sauƙaƙa mata, kuma shekara nawa take ganin za ta iya jure wannan tsari. Ita ma tana da abubuwan da ta fi darajantawa, kuma ba dole ne jerinta ya yi daidai da naka ba.

Bayan duk wannan sai ka rubuta abin da ka gano, amma a cikakkun jimloli, domin kalma guda ba ta yanke hukunci. Mutum biyu za su rubuta iyali, ɗaya yana nufin yaransa su tashi suna ganinsa kullum, ɗayan yana nufin kada su rasa ilimi mai kyau ko da zai yi nesa da su, kuma waɗannan biyun za su ba kamfaninku amsoshi mabambanta. Kada jimlolin su wuce huɗu ko biyar. Ka riƙa ɗaukarsu bibbiyu kana tambayar kanka wadda za ka saki idan ya zama dole, har su jeru. Ka kuma sa a ranka cewa jerin na wannan matakin rayuwarka ne. Yara ƙanana ba sa dawwama a ƙuruciya, kuma abin da ya zo na uku yau yana iya hawa sama idan sun girma.

Idan ka gama, ka nuna wa mutum ɗaya ko biyu da suka san ka sosai kuma ba sa jin nauyin gaya maka gaskiya. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, ya tsara wa kansa halaye 13 da yake bibiya a ɗan littafi, yana mayar da hankali kan guda a kowane mako. Da farko 12 ne, sai wani abokinsa ya gaya masa cewa mutane suna ganinsa mai girman kai, shi ya sa ya ƙara tawali'u, kuma ya amsa daga baya cewa kamannin tawali'un ya fi samu a kan hakikaninsa. Abin da mutum bai gani a kansa ba, na kusa da shi sun daɗe da gani. Ka tambaye su ko jerin nan ya yi kama da mutumin da suka sani, kuma idan suka ce wani abu a ciki fata ne kawai ba halinka ba, kada ka yi gardama, ka koma ga labaran da ka rubuta ka duba wanda ya fi gaskiya.

Idan ka nemi hukuncina, abin da na gani a wasiƙarka ya fi karkata ga zama, amma shafi guda kawai na karanta daga rayuwarka, kuma tambayar nan ta tsoro kai kaɗai za ka iya amsa ta. Kafin ka yanke, ka koma wurin shugabanninka da wasu tambayoyi, domin mai yiwuwa zaɓin bai kai tsananin da kake zato ba. Ka tambaya ko za a iya sanya horar da ma'aikata a cikin sabon matsayin a rubuce, ko kamfanin zai taimaka wajen ƙaurar iyali, ko za a iya ƙayyade wa zaman can wa'adi, da kuma ko ƙin karɓa yanzu zai rufe maka ƙofa nan gaba. Ka yi haka a makon farko, domin amsoshinsu su iso tun kana da lokacin yin lissafi da tattaunawa da matarka. Ko wanne ka zaɓa, ka ba su amsa a rubuce kafin wa'adin ya cika, ka kuma ajiye wa kanka takardar da ka rubuta dalilanka, domin a watannin farko za ka ji zafin abin da ka saki, kuma za ka bukaci ka sake karanta abin da ya sa ka sake shi. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.